An aiki ƙanena bishara ba albashi, an ce ya dogara ga Allah

Maman Alheri:
Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai maganar da ta hana ni barci tun ranar Lahadi, na ce bari in kawo ta zaure ko na sami haske. Ƙanena, wanda ni na goye shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, ya gama makarantar Baibul, an keɓe shi tare da wasu mutum biyar za a aike su aikin bishara. Shi an ba shi wani ƙauye a bayan dutse, inda mota ba ta shiga da damina sai babur, babur ɗin ma sai an ɗaga shi a tsallake rafi. Yana da mata da yara uku, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba.

Ranar keɓewar mai wa'azi ya karanta Markus sura 6 daga aya 7, inda Yesu ya aiki almajiransa sha biyun nan biyu-biyu, ya hana su riƙe gurasa ko jaka ko kuɗi a ɗamara, sai sanda da takalmi, kuma kada su haɗa riga biyu. Suka fita suna wa'azi mutane su tuba. Jama'a suka yi ta amin. Da aka tashi na ja shugabansu gefe na tambaye shi nawa za a riƙa ba su a wata. Ya ce babu tsayayyen abu, abin da Allah ya kawo shi za a raba. Na koma wurin ƙanena, ya yi murmushi ya ce, "Yaya, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci."

Ba na jayayya da kiransa, na san yaron nan tun yana rarrafe. Abin da nake so in sani shi ne, wannan umarni na kada a riƙe kome har yau yana kanmu? Kuma yaran nan uku, su ma an kira su ne?

Ɗan Zumunta:
Mama, ki yi murna maimakon kuka. Gidanku Allah ya zaɓa. Wa ya ciyar da annabi Iliya a rafin Kerit? Hankaki ne suke kawo masa gurasa da nama safe da yamma. Da rafin ya ƙafe Allah ya tura shi gidan gwauruwa a Zarefat, garin tukunyarta bai ƙare ba. Allahn nan bai tsufa ba. Da waɗanda suka kawo mana bishara sun tsaya sai an rubuta musu albashi, da ni da ke ba mu ji ta ba. Matsalarmu yanzu kowa yana so ya yi wa Allah aiki kamar aikin gwamnati, da fansho da alawus.

Ɗalibin Tauhidi:
Ɗan'uwa, kafin mu kai ga Iliya mu gama da maganar Yesu tukuna. Ka buɗe Luka 22:35-36. A daren da za a kama shi ya tuna wa almajiransa wancan aiken, ya tambaye su ko sun rasa wani abu, suka ce ba su rasa kome ba. Sai ya ce amma yanzu mai jakar kuɗi ya ɗauka, mai jakar guzuri ma haka. Baki ɗaya ne ya faɗi duka biyun. Aiken Markus 6 gajeriyar tafiya ce a cikin Galili, ƙauyuka kusa da juna, harshe ɗaya, mutanensu ne, kuma al'adarsu ba ta yarda baƙo ya kwana a waje ba. Shi ya sa ya ce gidan da suka sauka su zauna a ciki har su bar garin. Ashe akwai gidan da zai ciyar da su a cikin lissafin. Ba kuma mu karanta cewa sun ɗauki mata da jarirai a wannan tafiya ba.

Ɗan Zumunta:
Amma kai da bakinka ka faɗi amsarsu: ba su rasa kome ba. Me ya sa kuka fi son aya 36 a kan aya 35? Duk wanda ya yi boko da yawa sai ya nemo ayar da za ta ba shi dalilin zama a gari.

Ɗalibin Tauhidi:
Ban ce kada a tafi ba. Cewa na yi a karanta duka.

Matar Mai Bishara:
Ku bari mu da muka kwana a ɗakin mu faɗi inda yake yoyo. Shekara goma sha ɗaya muka yi a daji ni da maigidana, kuma abin da zan faɗa kashi biyu ne, ba wanda zan ɓoye.

Shekararmu ta farko, cikin watan Agusta, hatsinmu ya ƙare ƙaf. Kun san wannan lokacin, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Na kwana biyu ina dafa wa yara tafasa da ɗan ƙuli, ina ce musu tuwo yana zuwa. Rana ta uku da asuba na buɗe ƙofa na tarar da ƙwarya an rufe da faifai, cike da dawa, an ɗora ɗan ƙullin daddawa a kai. Wata tsohuwa ce ta ajiye, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga sujadarmu ba, mijinta ma shi ne mai tsafin garin. Da na je godiya ta ce mini ta lura kwana biyu ba ta ji ƙarar turmina ba. Ban roƙe ta ba, ban gaya wa kowa ba. Har gobe idan na tuna sai hawaye ya zo mini. Saboda haka duk wanda ya ce Allah ba ya tanadi, ni dai na ci tanadinsa da hannuna.

Ga kashi na biyu. A shekara ta huɗu 'yata ta biyu ta kamu da zazzaɓi mai zafi, wuyanta ya sanƙare. Lokacin wata biyar ke nan ko sisi bai zo mana daga waɗanda suka aike mu ba. Asibiti mafi kusa tafiyar awa uku ce a babur, mai babur ɗin kuma ya ce sai an sa masa mai. Muka ɓata yini guda maigidana yana zagaye gari yana neman wanda zai sayi akuyarmu. Yarinyar ta rayu, mun gode wa Allah, amma kunnenta na hagu ba ya ji har yau, likita ya ce da an kawo ta da wuri da wataƙila ba a kai nan ba. Da muka zo taro a gari bayan wata biyu, na tarar an shimfiɗa tayil a majami'ar da ta aike mu, an sa sababbin fankoki. Na zauna a kan benci na kasa buɗe baki in yi waƙa.

Ban taɓa tuhumar Allah a kan kunnen 'yata ba. Amma ba zan yarda a ce mini nufinsa ne a bar mu wata biyar ba. Mutane ne suka manta da mu, suka lulluɓe mantuwarsu da aya.

Maman Alheri:
Wayyo Mama, Allah ya ta'azantar da ke. Wannan shi ne ainihin tsorona.

Baba Dattijo:
'Yata, sannu da haƙuri. Bari tsoho ya sa baki, tunda an ambaci waɗanda suka kawo mana bishara.

A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Babu wata babbar ƙungiyar mishan da ta yarda ta ɗauki nauyinsu, da bangaskiya suka zo da ɗan abin da suka tara. Burinsu su shigo ƙasar nan tamu da Turawa suke kira Sudan a lokacin. Cikin kimanin shekara guda Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent ya rasu a Bida, duka a 1894. Bingham ya koma Kanada da zazzaɓi a jikinsa. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 aka iya kafa tasha a Patigi. Daga wannan tushe ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta tsiro, daga SIM kuma aka sami ikkilisiyar ECWA a 1954.

Ɗan Zumunta ya yi gaskiya, ba su jira albashi ba, kuma ina cire musu hula. Amma ka duba abin da ya biyo baya. Bingham da ya koma bai zauna yana jiran hankaki ba. Ya kafa majalisa a Toronto, ya bi ikkilisiyoyi yana ba da labarin aikin, ya tara masu addu'a da masu bayarwa. Sannan aka sami Dokta Andrew Stirrett, mai kantin magani ne a Toronto, ya bar dukiyarsa ya zo, Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Shi ya dage a kan 'yan mishan su riƙa shan kwinin saboda zazzaɓin cizon sauro. Ya zauna a ƙasar nan har ya rasu a Jos a 1948. Wa ya fi wani bangaskiya, wanda ya mutu cikin shekara ɗaya ko wanda ya sha magani ya yi shekara arba'in da wani abu yana wa'azi da Hausa? Ni a ganina bangaskiyarsu ɗaya ce, na bayan dai ya koyi darasi daga kabarin na gaba. Mu da muka zo bayan su duka ba mu da hujjar sake binne mutane a kan abin da aka riga aka koya.

Mahaifina ma mai bishara ne, irin na da. Da aka aike shi, da fartanya da garma da iri ya tafi. Sarkin garin ya ba shi gona, yana noma da safe, da yamma ya tara yara a gindin ɗorawa yana koya musu karatu. Duk kaka ikkilisiyar gida tana aiko masa da damin dawa a kan jaki. Ba a taɓa kiran wannan rashin bangaskiya ba.

Malam Maƙwabci:
Ni Musulmi ne, abokin aikina ya sa ni a zauren nan tun lokacin da ake haɗa gudummawar wani maras lafiya, ku yi haƙuri in ce wani abu. Mu ma muna da wannan muhawara a kan tawakkali. An ruwaito cewa wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙuminsa ne ko ya sake shi ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure shi sannan ya dogara. Labarin tsohuwar nan mai ƙwaryar dawa ya taɓa ni ƙwarai, domin haka kakata take, baƙonka annabinka ne a wurinta ko daga ina ya fito. Sai dai a gaskiya ƙauyukan yanzu ba na da ba ne. Wanda rikici ya hana shi zuwa gonarsa, ko mudu ɗaya ba shi da shi balle ya ba baƙo. Duk mai aika mutum ya sa wannan a lissafi.

Baba Dattijo:
Mun gode Malam, maganarka ta zauna.

Anti Mai Shago:
Ni akwai gefen da ba a taɓo ba. Wannan kalma ta "ina rayuwa ta bangaskiya" wasu sun mai da ita sana'a. A shagona babu makon da wani ba zai shigo da Baibul a hammata ya ce Allah ya aiko shi wurina ba. Ya yi addu'a minti biyu, sai ya tsaya yana kallon aljihun tebur. A tasha ma haka, a yi wa'azin tuba a cikin mota, kafin direba ya tayar an miƙo ambulan. Ta yaya za mu bambance irin ƙanen Maman Alheri da waɗannan?

Ɗalibin Tauhidi:
Anti, tambayarki ta girmi kakanninmu. Akwai wata tsohuwar takardar koyarwa ta ikkilisiyar farko da ake kira Didake. A ciki an ce idan manzo ya zo a karɓe shi, ya kwana ɗaya, in da bukata biyu, idan ya kai uku annabin ƙarya ne. In zai tafi a ba shi gurasar da za ta kai shi masauki na gaba, amma in ya nemi kuɗi annabin ƙarya ne. Kin ga tun a lokacin an san masu cin abinci da sunan aike. Bulus ma saboda irin wannan zargi ya zauna da Akila da Bilkisu a Koranti suna ɗinkin tanti. Ya faɗa sarai a 1 Korantiyawa 9 cewa mai shelar bishara yana da hakkin ci daga bishara, har ya kawo dokar da ta hana sa wa takarkari takunkumi yana sussuka, amma shi ya zaɓi ya bar hakkinsa. Hakkin nasa ne, shi ya ga dama ya bari. Ba wani ne ya zauna a ofis ya bari a madadinsa ba.

Fasto Mai Ritaya:
Na karanta duka daga sama. Muna ta maganar jaka da gurasa, mun manta abin da aka aike su yi. Markus 6:12 ta ce wa'azin tuba almajiran suka yi. Na daɗe ina tambayar kaina me ya haɗa hannu wofi da wa'azin tuba, sai da na tsufa a aikin na fara ganewa.

Ka ce wa mutum ya tuba, wato kana ce masa hanyar da yake bi, wadda ubansa ya bi, ba za ta fisshe shi ba. Magana ce mai nauyi. Idan ka faɗe ta daga cikin mota mai sanyi, da buhunan shinkafa a baya, za ka sami masu ɗaga hannu da yawa, amma ranar da shinkafa ta ƙare za ka san adadin waɗanda suka tuba. Na ga wannan da idona. Amma wanda ya sauka a zaurenka, ya sha ruwan randarka, ya ci tuwon matarka, ya je jana'izar ɗanka, in ya buɗe baki ya ce ka tuba, ka san ba daga sama yake kallonka ba, kuma ba shi da abin da zai saye ka da shi. Wannan hikimar tana nan har yau, Luka 22 ba ta share ta ba. A nan ina tare da Ɗan Zumunta.

To amma ku duba Luka 3:11. Da taro suka tambayi Yahaya Mai Baftisma me za su yi su nuna sun tuba, ya ce mai riga biyu ya ba wanda ba shi da ita, mai abinci ma ya yi haka. Ga Yesu yana ce wa wanda aka aika kada ya ɗauki riga ta biyu, ga Yahaya yana ce wa wanda ya tuba ya ba da rigarsa ta biyu. Rigar da mai bishara bai ɗauka ba tana rataye a ɗakin wani mai bi. Idan ikkilisiya ta karanta wa masu tafiya Markus 6 ba ta karanta wa masu zama Luka 3 ba, rabin wa'azi ta yi, kuma ita ce ta fara bukatar tuban da take aikawa a yi shela. Yesu kansa mata ne suke yi masa hidima da dukiyarsu, Luka 8 ta ambaci Maryamu Magadaliya da Yuwana da Suzana. Ba hankaki ne suka ciyar da shi ba.

Ɗan Zumunta:
Baba Fasto, na karɓa. Amma Hudson Taylor, ɗan mishan ɗin nan na Ingila fa? Da ya kafa mishan ɗinsa na ƙasar Sin a 1865 dokarsa ita ce ba roƙon kuɗi, ba cin bashi, ba tabbataccen albashi. George Müller ma a Biristol ya riƙe marayu wajen dubu goma a rayuwarsa bai taɓa roƙon mutum ba.

Ɗalibin Tauhidi:
Gaskiya ne, ba su roƙa ba. Amma Müller yana buga rahoto duk shekara, da lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita. Taylor yana da mujalla da take kai labarin aikin gidajen masu bi a Ingila, yana kuma da mutane a gida da aikinsu shi ne karɓar kuɗi da aikawa. Rashin roƙo daban, rashin tsari daban. Kuma Taylor ya binne matarsa Maria a ƙasar Sin a 1870, ya binne 'ya'ya. Idan za mu ba da labarinsu mu ba da shi da kaburburan.

Ma'ajin Ikkilisiya:
Ku yi mana adalci kaɗan. Ni nake ƙirga baiko a ikkilisiyarmu shekara takwas. Ba kowace majami'a ce take da tayil ba. Mutanenmu manoma ne, daga Yuni zuwa Satumba abin da ke shiga faranti ba ya isa ko hidimar fastonmu. Idan shugaba ya ce abin da Allah ya kawo za a raba, wani lokaci ba wayo ba ne, tsoron yin alkawarin da ba zai cika ba ne. Abin da muka koma yi shi ne, ranar godiyar kaka mukan ware buhun masu bishara tun kafin a taɓa sauran, Zumuntar Mata kuma su haɗa sabulu da gishiri da manja da atamfa. Kuɗi yakan gagara, hatsi ba ya gagarar manomi da kaka.

Matar Mai Bishara:
Ma'aji, da haka aka yi mana da ban yi ƙorafi ba. Ba yawan abin ba ne, a san ranar zuwansa. Kuma a riƙa zuwa duba mutum. Shekara huɗu babu wanda ya taka ƙafa ya ga inda muke kwana.

Maman Alheri:
Na gode muku duka. Jiya na kira ƙanena na karanta masa abin da kuka rubuta. Ya yi shiru da na kai wurin kunnen yarinyar nan. Tafiya dai ya ce babu fashi, ni ma ban ce ya fasa ba. Amma ya yarda mu zauna da shugabansu da dattawa biyu kafin su tashi, a faɗi abin da za a iya ko kaɗan ne, a kuma faɗi wanda za a kira idan ciwo ya tashi da dare. Matarsa ta iya ɗinki, zan ba ta kekena na hannu. Shi kuma ya ce in nemo masa garma da irin masara mai saurin nuna. Ni da maigidana mun ɗauki buhu biyu duk kaka da gidan sauro da maganin zazzaɓi. Abin da ya rage mini shi ne babban yaron, shekararsa bakwai, garin kuma babu makaranta. Ina so in riƙe shi a wurina, uwarsa ba ta so a raba su. Waɗanda suka taɓa shiga wannan, yaya kuka yi?

Matar Mai Bishara:
Mu mun riƙe namu har ya kai tara, ni nake koya masa karatu da lissafi a gida, yaran gari ma suka riƙa zuwa, daga nan ajinmu ya fara. Kada ki matsa wa uwar a shekarar farko, kewa za ta yi mata yawa. Hatsin kuma ki tabbata ya shiga kafin ruwa ya sauka, in rafin nan ya cika sai Oktoba. Ki sa mata kanwa da barkono da allurar keke ta ajiya, can ba za ta samu ba.